Kilt Mai Aljihu da Fil ɗin Dutse

Wattie Birrell ya shekara talatin da ɗoriya yana hawa rufin gidajen mutane a garin Anster bai taɓa faɗowa ba, sai a wata Fabrairu da ya rage masa 'yan shekaru ya ajiye aiki. Ba ma wani dogon gini ba ne. Ɗakin ajiyar wata tsohuwa ne, wanda shi da bakinsa ya ce ko kaza za ta dira daga kansa. Fallen dutsen rufi guda ya zame ƙarƙashin takalminsa, iska ta ƙarasa sauran aikin. Da ya buɗe ido sai ya ga ƙafarsa ta hagu tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

A asibiti aka ce ƙashin ƙwaurin ya dagargaje, filasta ba za ta riƙe shi ba. Likitoci suka zagaye ƙafar da zobban ƙarfe tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu, suka soka siraran wayoyi ta cikin nama da ƙashi suka ɗaure a jikin zobban. Suka ce haka zai zauna har kaka, in ya yi sa'a. Wattie ya ƙare wa abin kallo, ya ce da matarsa Elspeth, "To, ga keji sun ba ni, saura aku."

"Akun ai yana nan," in ji ta. "Tun da na aure shi bai yi shiru ba."

Ciwon ya iya da shi. Abin da ya gagare shi wando ne. Babu wandon da zai wuce ta kan kejin nan. Elspeth ta farke ƙafar wandon aikinsa guda ta sa masa igiyoyi, sai yadin ya riƙa kama bakin wayoyin, kowane kamu kuwa sai Wattie ya ji shi har cikin haƙoransa. Ya koma gajeren wando na 'yan ƙwallo, shi ma sai an yi dambe kafin ya shiga. Mutum na neman shekara sittin, a bakin tekun yankinsu na Fife, cikin sanyin Maris, da wandon yara. Ya ce ba inda za shi. Ya kafa kujera a bakin taga ya zama alƙalin unguwa: wane bai iya ajiye mota ba, wance ta cika shanya, wanda ya yi rufin gidan tsallake kuwa ya kamata a kama shi. Elspeth na aikin rabin yini a gidan burodi. Ba a daɗe ba ta fara roƙon a mayar da ita cikakken yini.

'Yarsu Kirsteen, da ke aiki a birnin Aberdeen, ita ta aiko da ƙunshi. Elspeth ta kwance shi a kan teburin kicin ta ɗaga abin da ke ciki. Kilt ne, zanen nan da mazan ƙasar ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, amma ba na ulu mai gidan dara da ake sawa ranar biki ba. Wannan baƙi ne wuluk, na yadi mai kauri kamar tamfol, da tattara a baya, da manyan aljihu biyu a gefe, da maɓallan ƙarfe da ake dannawa su kama. Irin wanda masu saran itatuwa da masu zuwa kallon ƙwallo suke yayi.

Duk Anster an san ra'ayin Wattie a kan kilt. Ko ranar aurensa kwat da wando ya sa. Cewa yake kakanninsa masunta ne, ba wanda ya taɓa shiga jirgi da gwiwa a waje, kilt na mutanen tsaunukan arewa ne da na hoton kan gwangwanin biskit da ake sayar wa baƙi. Rabin wannan magana kuwa don kunnen mutum ɗaya yake yin ta, wato Innes Meldrum, wan Elspeth, tsohon malamin tarihi, wanda ke busa algaitar jaka a ƙungiyar garin tun yana saurayi. Innes bai taɓa aure ba, amma yana da kilt uku, kowanne da ranar sa shi. Su biyun sun tsufa suna tsokanar juna a teburin Kirsimeti. Wattie na kiran sa Malam, shi kuma yana kiran Wattie Ɗan Tsani.

"Mayar mata da kayanta," in ji Wattie. "Ƙafa na karya, ba kai ba."

"Ba a cusa ƙafa a ciki. Naɗawa ake yi, a danna maɓalli, shi ke nan."

"Na ce ba na so. So kike Innes ya mutu da dariya?"

"In ya mutu ai ka huta. Ni dai ga shi nan a kan kujera."

Ta bar shi a nan, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Wata safiya tana wurin aiki, gajeren wandon ya sarƙe da waya guda, Wattie ya fizga da fushi, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna bakin gado yana haki, jini na tsattsafowa ta gindin wayar. Da Elspeth ta dawo sai ta same shi tsaye a kicin yana dafa shayi, baƙin kilt a ƙugunsa, tabarau a aljihun dama, biskit a na hagu. Ta rataye jakarta, ta ɗauko kofi biyu. Ta zuba musu shayin, suka zauna.

Ranar Asabar ya ce zai leƙa bakin ruwa. Ya ɗauki sandunansa biyu ya gangara a hankali har tashar jiragen kamun kifi. Tosh Gourlay, abokinsa tun firamare, mai kamun ƙaguwa, yana zaune da wasu dattawa a bencin da ke jikin katanga.

"Kai, jama'a, wa nake gani haka?" in ji Tosh. "Wattie, kai ne ko uwargidanka?"

"Ni ne, tsohon banza. Matsa in zauna."

Bai kai bencin ba. Iskar nan ta bakin tasha, mai zuwa ta gefe ba sallama, ta shiga ƙarƙashin shafin gaba na kilt ɗin ta ɗaga, ta haɗa da na ciki, ta manna masa su a ƙirji. Hannayensa biyu na kan sanduna, in ya saki guda ya sha ƙasa. Haka ya tsaya ƙiƙam, a gaban Tosh da dattawa da layin masu jiran soyayyen kifi da dankali a tsallaken titi, har iskar ta ga dama ta sake shi. Ya yi sa'a akwai ɗan kamfai a ciki. Sai dai ɗan kamfan yana cikin waɗanda suka shiga injin wanki tare da jan tawul ɗin Elspeth, ya fito ruwan hoda.

Tosh ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tun muna yara nake tare da kai," ya ce yana share hawaye, "ban taɓa sanin kalar da kake so ba sai yau."

Wattie ya zauna, ya danne shafin da tafin hannu, ya ce duk wanda ya ƙara magana zai ɗanɗana sanda. Amma bai tashi ba. Ya daɗe a wurin, ya ji labarin wanda injinsa ya mutu a tsakiyar teku da wanda matarsa ta kore shi zuwa gareji. Da ya koma gida ya cinye abincinsa tas, abin da bai yi ba tun faɗuwarsa.

Labari ya riga shi isa gidan burodi. Elspeth ta jira ya gama ci sannan ta ce, "Kilt ɗin nan nauyi yake so. Abin da ya sa ake maƙala fil a gaba ke nan. Bari in kira Yaya."

"Kada ki kuskura."

"Na riga na kira."

Innes ya zo ran Lahadi bayan an tashi daga coci. Dogo ne siriri, farin gemunsa a gyare kullum kamar za a ɗauke shi hoto. Ya shigo da fara'a, ɗan akwatin katako a hammata, don an gaya masa yau Ɗan Tsani ya shiga hanya. Ya ajiye akwatin a tebur ya buɗe da hannun hagu, na daman na cikin aljihun kwat. Ga fil-fil nan jere a kan jan ƙyalle: mai siffar takobi, mai furen ƙaya, mai kan barewa, sai kuma na marigayi mahaifinsu, na azurfa, tsawon yatsa, da ɗan dutse ruwan zuma a kansa.

Sai Wattie ya shigo daga falo yana dogara sanduna. Fara'ar Innes ta ɗauke.

"Mene ne wannan?"

"Kilt ne, Malam. Na ɗauka kai ne masanin."

"Wannan ba kilt ba ne. Buhun gawayi ne aka yi wa aljihu. Elspeth, kilt kika ce mini."

"Kilt aka rubuta a jikin ledar, Yaya."

"Ko an rubuta doki a goshin jaki, jaki ne. Fil ado ne na cikakkiyar shiga. Da ulu ake sa shi, da doguwar safa, da jakar gaba. Ba a soka shi a jikin tamfol ɗin rufe mota."

"Iska yake so ya tare, ba gidan sarki za shi ba," in ji Elspeth. "Ara masa na Baba, shi ya fi nauyi."

"Na Baba?" Innes ya ɗora hannu a kan akwatin. "Da shi Baba ya yi aure. Da shi ya kai Mama kabari. Ba zan zauna ina kallo a rataya shi a jikin wannan abin ba."

"Uban namu ɗaya ne, in ka manta. Rabin fil ɗin nan nawa ne."

"To ɗauko guduma ki karya, ki ɗauki rabinki."

Wattie ya saba da bakin Innes, amma kullum da murmushi a ƙarƙashin gemun. Yau babu shi.

"Rufe akwatinka, Malam," ya ce. "Ban roƙe ka ba. Ban taɓa aron tsani ba, ba zan fara da allura ba."

Innes ya rufe, ya fita. Shayin da aka zuba masa yana nan ko kurɓa bai yi ba. Elspeth ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke, da ƙarar da maƙwabta ma sun ji.

Washegari Wattie ya buɗe ɗakin kayan aikinsa da ke can bayan gidansu, wanda bai leƙa ba tun Fabrairu. Tsofaffin fallayen dutsen rufi na jingine a kusurwa, baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi. Ya jawo kujera, ya miƙe ƙafar a kan bokiti, ya ɗauki wani gutsure ya fara yanka yana gogewa. Na farko ya tsage. Na biyu ya fito kamar takalmi. Na uku ya yi kama da kifi, tsawon yatsa, da ciki da wutsiya. Ya huda shi wuri biyu, ya sa ƙusoshin tagulla irin na rufi ya kafe babban fil irin na maƙale bargo a bayansa, kan ƙusa guda ya zama idon kifin. Ya auna a tafin hannu, ya ji nauyin ya yi. Aikin ya ci masa kusan mako, a makon nan kuwa unguwa ta huta da shari'ar bakin taga.

Ya maƙala shi da kansa, Elspeth na wurin aiki. Hankalin mai rufi ya yi amfani da shi: abin da ba ka so iska ta ɗaga, ka kafe shi da na ƙarƙashinsa. Ya haɗa shafin sama da na ƙasa ya soke su tare, a tsakiya, ya fita sayen jarida. Iska kam ba ta ɗaga komai ba. Sai dai yadin ya ɗaure masa cinyoyi, yana tafiya kamar akuyar da aka dabaibaye, ga sanduna, ga keji.

A ƙofar shagon jarida suka yi kiciɓis da Innes. Tun ranar Lahadin nan ba su yi magana ba. Innes ya gyaɗa kai ya wuce. Ya ɗan yi gaba, ya tsaya, ya tsaya dai, sannan ya juyo.

"Wa ya sa maka wannan haka?"

"Ni. Da magana?"

"Ka haɗa shafi biyu ka soke. Shi ya sa kake tafiya kamar an ɗaure ka. Fil ba ɗinki ba ne, nauyi ne. Shafin sama kaɗai ake sokewa, can ƙasa ta dama, a bar shi yana lilo. A haka ko ka yaga yadin ko ka kifa."

"Ai ka ce buhu ne. Ina ruwanka da yagewar buhu?"

"In za ka ba mu kunya, ka ba mu ita daidai. Tsaya nan."

Sai ga Innes Meldrum, da gogaggen wandonsa, ya durƙusa a kan dutsen titi a gaban Wattie, mutane na ratse su suna waiwaye. Ya cire fil ɗin da ƙyar. Ya juya shi a hannu.

"Kifi ne?"

"A'a, giwa ce."

"Ba laifi. Wutsiyar ta yi gajarta."

Ya kama kusurwar shafin ya kai tsinin. Tsinin ya kauce. Ya sake kaiwa, ya sake kaucewa, ya soke shi a ɗan yatsa. Wattie na kallo daga sama. Hannun Innes na dama rawa yake, ba rawar sanyi ba, ba ta fushi ba. Ko da ya ɗora shi a gwiwa don ya huta, babban yatsan bai daina murza ɗan'uwansa ba, kamar mai murza gishiri a miya.

"Yadin nan naka kamar fatar giwa," in ji Innes, bai ɗago ba.

"Haka yake, ni ma sai da na yi fama. Nuna mini wurin kawai."

Wattie ya jingina da bangon shago, ya ba Innes sanda guda ya riƙe masa, ya sunkuya ya soke inda aka nuna. Da Innes zai tashi sai da ya dogara da sandar. Suka yi sallama kamar ba abin da ya faru. Tafiya ta saki, kifin na lilo a saman gwiwar dama, iska na zuwa tana komawa ba ta sami komai ba.

A hanyar gida Wattie ya tuna da hannun da ya yini cikin aljihun kwat, da shayin da ba a taɓa ba. Da daddare wajen cin abinci ya ce, kamar da wasa, "Yayanki yana zuwa busa kuwa?"

"Ya bar ƙungiyar tun hunturu," in ji Elspeth, har yanzu ba ta huce ba. "Wai yaran yanzu suna gudu da kiɗa. Shi dai komai sai an yi yadda yake so."

Wattie ya mayar da hankali kan abincinsa, ya bar zancen hannun a ransa. Mutumin da ya ɓuya a bayan labule saboda wando ya san yadda mai ɓuya yake ji in an ɗaga labulen ba shiri.

Bazara ta shigo. Wattie ya zama ba ya zaman gida. Baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa tsayar da shi suna tambayar inda ya sayi kifin, ya ce a teku ya kama. Tosh ya nace sai da aka yi masa mai siffar ƙaguwa ya maƙala a hula. Innes kuwa sai ganinsa ya yi wuya. In an haɗu a titi, gaisuwa ce a tsaitsaye, hannu cikin aljihu.

Ranar bikin jirgin ceto duk garin kan fito. Ana kafa rumfuna a bakin tasha, ƙungiyar algaita ta ratsa babban titi, kowa da kwalliyarsa. Tun Wattie na saurayi bai taɓa ganin bikin nan babu Innes a sahun gaba ba. Ko ya bar busa, ai ba zai ƙi fitowa kallo ba. Wattie ya duba wajen rumfar burodi inda Elspeth ke ta fama da masu saye, ya duba wajen da masu busa ke gwada murya. Babu shi. Ya ce da Tosh ya kai shi gidan Innes a kan tudu a motarsa ta kifi.

Ƙofar Innes a buɗe take. Wattie ya same shi a ɗakin kwana, zaune bakin gado, da farar riga da doguwar safa. Kilt ɗinsa na ulu, kore da shuɗi, mai nauyin bargo biyu, yana naɗe a ƙugunsa, ya riƙe da hannun hagu. Maɗauran fata na reto ba ko ɗaya da ya shiga ƙarfensa. Fil ɗin azurfa na yashe a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wa ya ce ka shigo?"

"Ƙofa."

"Ba na jin daɗi. Mura ce. Je ka abinka."

"Murar da ke kama hannun dama kaɗai? Tashi tsaye, Malam."

Innes bai tashi ba. Ya kalli hannun, kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Daga nesa ana jin masu busa sun fara haɗa murya.

"Tun kakar bara," ya ce. "Da ɗan yatsa ya fara. Yanzu ramukan algaita ba sa rufuwa, sai ta riƙa kuka kamar an taka mage. Tun safe nake fama da maɗauran nan."

"Ka ga likita?"

"Na san abin da zai ce. Na karanta."

"Karatu ya rubuta maka magani?"

Innes ya dubi fil ɗin da ke ƙasa. Can ya ce, "Ranar nan a gidanku. Da na ba ka fil, da ni zan durƙusa in sa maka. A gaban Elspeth."

"Au, ashe ba don buhun ba ne."

"Har da buhun."

"To madalla, hankalina ya kwanta. Tashi."

Ya tashi. Wattie ya zauna a inda ya tashi, ya miƙe kejinsa gefe, ya jawo surukin nasa gabansa kamar yaron da za a shirya makaranta. Ya zura maɗaurin hagu ta raminsa ya ja.

"Rami na biyu, ba na uku ba. So kake ka raba ni biyu?"

"Ka rame, na uku ne. Tsaya mana."

Ya ɗaure na dama, sama da ƙasa. Ya juya shi ya daidaita tattarar baya, Innes na ba da umarni yana kallon madubi. Ya ɗaura masa jakar gaba. Sannan Innes ya sunkuya ya ɗauko fil ɗin da hannun hagu ya miƙa masa. Wannan ne karo na farko da Wattie ya taɓa shi. Ya fi yadda ya zata nauyi, bayansa ya yi sulɓi saboda hannuwa.

"Shafin sama kaɗai," in ji Innes.

"Na sani. A tsakiyar titi aka koya mini." Ya soke, ya rufe, ya ɗan ja ya ga ya zauna. "Saura abu ɗaya. Yau za ka gaya wa ƙanwarka. In ba haka ba ni zan gaya mata, ka kuwa san ni da ƙarin gishiri."

Tosh na jira a waje. Ya ga su biyun sun fito, ɗaya baƙi da aljihu, ɗaya kore da shuɗi, ya dubi fuskar Wattie, ya ajiye tsokanarsa gefe. Ya share kujerar gaba da hularsa ya ce, "Malam, shiga nan, bayan akwai ƙarni."

Sun isa daidai lokacin da ƙungiyar ta kunno kai. Suka tsaya a bakin titi. Innes ya miƙe sambal, ƙirji a gaba. Matar da ke jan ƙungiyar yanzu, wadda shi ya koya mata busa, ta juyo da kai wajensa tana wucewa, sauran ma suka juyo. Bai motsa ba har na ƙarshe ya wuce.

"Sun yi sauri," ya ce.

Elspeth ta hango su daga rumfa. Ta zo da kofin shayi biyu, fuska ba yabo ba fallasa, ta miƙa wa mijinta ɗaya, ta miƙa wa wanta ɗaya ba ta dube shi ba. Innes ya zaro hannun dama ya karɓa da shi. Bai ɓoye ba, bai tallafa da na hagu ba. Kofin ya riƙa kaɗawa, shayin na fallatsa a yatsunsa yana ɗiga a titi. Elspeth ta kalli hannun, ta kalli fuskarsa.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun kakar bara."

"Kai kuma ka sani?"

"Zargi nake," in ji Wattie. "Yau na tabbatar."

"Ku biyun nan, Allah ya shirye ku." Ta karɓi kofin, ta shanye kusan rabi a tsaye, ta goge gefensa da gefen rigar aikinta, ta mayar masa. "Riƙe. Yanzu ba zai zube ba. Ran Litinin ni zan kai ka, kada ma ka fara."

Likita ya faɗi abin da Innes ya karanta, ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, amma akwai maganin da ke rage masa gudu. Ya rage kuwa. Elspeth ta karɓi kilt ɗinsa ukun ta ɗinka musu maɓallan dannawa daga ciki, ta bar maɗauran fatar a waje don ido. Innes ya yarda bisa sharaɗin kada kowa ya ji, kuma ban da Tosh ba wanda ya ji. Fil ɗin azurfa aka bar shi a maƙale a jikin kore da shuɗin, ba a ƙara cirewa.

An cire wa Wattie keji a ƙarshen kaka. Ƙafar ta haɗe, amma ta ƙi yarda da tsani, shi ma bai matsa mata ba. Ya sayar da motar aiki, ya riƙe ɗakin kayan aikin. Wando yakan sa ran jana'iza da ranar da ƙanƙara ta sauka. Sauran ranaku baƙin kilt ne, sai na biyu mai ruwan ƙasa da ya saya da kansa, yau kifi a gaba, gobe jirgi, jibi wani abu da shi kaɗai ya san ko mene ne.

Da hunturu ya kama, Innes ya zo ɗakin kayan aikin da wani dogon akwati. Ya ce jakar algaita in an bar ta ba hurawa bushewa take ta tsage, shi kuwa ba zai iya ba, ba kuma zai ba yaran nan masu gudu ba.

"Ba busa na ce ka yi ba. Hurawa kawai, ka matse da hammata."

Wattie ya rungumi abin kamar mai kama ɗan tunkiya, ya cika kumatu ya hura. Ƙarar da ta fito ta sa karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin mota. Elspeth ta leƙo ta taga ta ce in dai za a riƙa yin haka, a rufe ƙofa, kuma ban da Lahadi.

Innes ya zauna a kan bokiti, ya toshe kunne ɗaya da hannun hagu.

"Sake," ya ce. "Gwiwar hannu a ciki. Sake."